Bargo a Kan Batir

Mu mutanen Jidda ba mu san sanyi ba sai a bakin matafiya. A nan aka haife ni, cikin wani lungu na unguwar Ruwais, mahaifina kuwa da ƙafarsa ya taho daga ƙasar Katsina yana saurayi, ya sauke farali, ya zauna. Tun tasowata abin da muka sani yana lalata kaya shi ne zafi da gumin teku. Su ne ke cin ƙarfen taga, su busar da robar ƙofa, su kashe batirin mota tun kwanansa bai ƙare ba. Ɗan abin da muke kira sanyi, wanda yakan sa tsofaffi su yafa mayafi zuwa sallar asuba na 'yan makonni, da za a kai shi wata ƙasa da dariya za a yi masa. Saboda haka lokacin da sanyi na gaskiya ya shigo mini gida, ta cikin waya ya shigo, ban kuwa san ta inda ake tare shi ba.

Babbar 'yata, wadda ba na ambaton sunanta domin ita ce ta fari, tana aure a Kanada. Mijinta ɗan mutanen kirki ne, shi ma haifaffen nan, aikin harhaɗa magunguna ya kai shi can. Tun da aka ɗaura auren, in an cire gaisuwa, maganar da ta shiga tsakanina da shi ba ta cika cokali ba. In ya zo hutu yakan durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, in tambaye shi hanya, in sa masa albarka, ya tashi ya fita. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni kuma ban taɓa kiran wayarsa ba, ko da yake lambar tana nan cikin tawa, uwar yarinyar ce ta sa. Yaran yanzu, masu jin Hausa su amsa da Larabci, suna ganin wannan wahala ce marar amfani. Ni kuwa a haka na ga mahaifina da surukansa, ban ga abin da ta rage shi da shi ba.

Da haihuwa ta matso, bisa al'ada gida ya kamata yarinyar ta dawo ta yi wankan fari a ɗakin uwarta. Amma iƙamarta, wato takardar izinin zama a nan, ta daɗe da mutuwa, shigowa ta zama sai da dogon nema, likitocin can kuma suka ce kada ta hau jirgi. Sai ya zama uwar ce za ta bi ta. Hajiya, matata, ta yi shiri kamar mai ƙaura. Ta haɗa kanwa da kayan yaji da garin kunu, da zannuwa, da kaskon turare, da turaren wuta na haɗin hannunta, ta kuma sa na raka ta kasuwar Balad muka sayo manyan barguna biyu, irin masu nauyin nan da alhazai kan yi tsaraba da su. Ta tafi sanyi na kan ganiyarsa a can. Ba ta daɗe da sauka ba aka haifi namiji, amma sai da aka yi wa uwar aiki, ta fito ba ƙarfi.

Ni aka bari a unguwar Sharafiyya, a benen da muke haya, da na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani da waya a hannu. Kullum bayan la'asar Hajiya takan kira ni da hoto, lokacin su kuwa safiya ce. Takan juya wayar ta nuna mini waje, in ga duniya fara fat kamar an zube buhunan auduga, ba mutum ba tsuntsu. Takan nuna mini jaririn, in yi masa addu'a. Sa'an nan ta shiga ƙorafi, domin ƙorafi shi ne rabin hirarmu tun muna da ƙuruciya. Gidan na katako ne, in ka taka sai ya amsa. Ruwan zafi a famfo yake, ba shi da albarkar na tukunya. Abin da ya fi ɓata mata rai kuwa wata 'yar na'ura ce fara, zagayayya kamar faifai, manne a rufin kowane ɗaki. Ranar da ta fara kunna turare domin ta turara mai jego, abin ya tsala ihu har jaririn ya firgita, uwarsa ta fashe da kuka. Aka yi mata bayani cewa hayaƙi take ji, ba a kunna garwashi cikin gida. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa ganin jegon da ba turare ba, ba kuwa a kan jikanta za a fara ba.

Sai ta ƙaura da kayanta gareji, wanda ke manne da gidan, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da madafa. Da mijin yarinyar ya ji surukarsa ta kama garejin, ya yi abin da ɗan halas zai yi. Ya fitar da motarsa ya bar ta a waje cikin ƙanƙara, ya koma shiga da fita ta ƙofar gaba, don kada su yi kiciɓis ya takura ta. Hajiya ta yaba masa ƙwarai da wannan, ni ma na yaba. Ba wanda ya lura a cikinmu cewa wannan kunyar ta sa babu mai leƙa garejin nan sai ita kaɗai.

Wata la'asar ta kira ni daga can ciki, ta jingina wayar a kan wani kanta, ta ce in ga fadarta. Tana sanye da rigar sanyi a kan atamfa, numfashinta na fita fari. Ga kasko a ƙasa da garwashi ja, gawayin da aka samo mata a kantin wasu Larabawa. Ga kwando kife a kai, an shanya kayan jariri suna shan hayaƙi. A bayanta, jikin bango, na hango wani abu mai tsayi kamar ƙaramin firij, an lulluɓe shi tun daga sama har ƙasa da bargo, ɗaya daga cikin waɗanda na biya kuɗinsu a Balad. Na tambaye ta mene ne wancan da ya cancanci bargona.

Ta ce batirin gidan ne. Akwai allunan sola a kan rufi, su ke tara masa wuta da rana, shi kuma ya riƙe ta domin in guguwa ta yanke lantarki kada gidan ya daskare. Ta ji yarinyar na cewa mijinta ya ce tun da sanyi ya tsananta batirin ba ya cin caji kamar da. Ita kuwa da ta taɓa jikinsa ta ji shi kamar gawa, sai tausayi ya kama ta.

"Abin da ke ɗumama mu, a bar shi tsirara cikin wannan ɗari?" in ji ta. "Na rufa masa asiri. In na gama turare kuma nakan matsa masa da kaskon ya sha sauran ɗumin."

Na ce to, ita waccan mai ihun, babu irinta a garejin? Ta yi dariya, ta ɗaga wayar sama. Tana nan a rufi, amma an sa mata hular leda ta wanka an ɗaure da roba. Hajiya ta ce ta koya mata ladabi.

Ni kuwa akwai abin da na gani da idona wanda ita ba ta gani ba. Wata shekara, tana Madina wurin ƙanwarta, wani magidanci mai kai wa mutane saƙon abinci, maƙwabcinmu na ƙasa, ya bar keken lantarkinsa yana caji a ƙarƙashin matakala. Bayan sallar Juma'a ne, muna dawowa. Da farko wani huci muka ji kamar na maciji, sai farin hayaƙi mai wari mai kama maƙogwaro, sai kuma wuta ta yi tsartuwa ta gefe kamar bakin maƙera. Aka watsa ruwa ta kwanta, muka ce alhamdu lillahi, kafin mu rufe baki ta sake tashi. Aka sake, ta sake. Sai da 'yan kwana-kwana suka jawo abin da ƙugiya zuwa tsakiyar titi, suka yi ta yi masa ambaliya, suka kuma hana kowa matsawa har yamma, suka ce irin wannan wutar daga cikinta take ciyar da kanta. Wanda ke sama a ranar bai sami hanyar sauka ba sai da hayaƙi ya lafa. Batirin keken nan bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Wanda ke bayan Hajiya kuwa ya kai ƙirjinta.

Na faɗa mata haka, da murya a kwance, domin na san halin kayana. Na ce ta yaye bargon, ta fitar da kaskon, ta cire wa na'urar hula. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce, "Alhaji, kai da ba ka taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij, kai za ka koya mini zaman ƙasar sanyi? Wancan na mai keke zafin Jidda ne ya dafa shi. Wannan sanyi ke damunsa. Ciwo daban, magani daban."

Maganarta tana da kamar gaskiya, ni kuwa ban san komai game da abin da sanyi ke yi wa batir ba. Jaririn ya yi kuka daga ciki, ta ce shi ke nan, sai gobe, ta kashe.

Na kasa zama. Na tashi na zauna, na buɗe taga na rufe, na ɗora shayi na manta da shi har ya ƙone. Daga baya na sa takalmi na gangara inda muke taruwa, ƙofar shagon wani abokina ɗan Nijar, attajiri mai aika kayan sola da batura zuwa Maraɗi da Damagaram. Na ce in akwai mai sani a unguwar nan, shi ne. Na tarar da shi da wani ɗan Cadi mai sayar da turare, wanda ba a raba shi da barkwanci. Na ba su labari ba tare da na ce Hajiya ce ba, na ce wata baiwar Allah. Ba su bar ni na kai ƙarshe ba suka gane, domin duk Sharafiyya an san inda ta tafi.

Ɗan Cadin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun da batirin ya shiga jego, a dama masa kunun kanwa, a kuma gasa masa kaza, in ya yi arba'in a kai shi yawon gaida dangi. Ɗan Nijar bai yi dariya sosai ba. Ya ce shi duk batirin da ya sayar zafi ne maƙiyinsa, kullum gargaɗinsa ga masu saye shi ne a ajiye a inuwa, inda iska ke ratsawa, kada a ɗora masa ko tsumma, domin yana da ƙofofin shan iska a jikinsa. Garwashi kusa da shi kuwa, wannan ko a mafarki. Amma batun sanyi, ya ɗaga hannuwa ya ce wallahi bai sani ba, bai taɓa sayar wa mutumin da ruwa ke daskarewa a garinsu ba. Mai yiwuwa a can ana rufe su, mai yiwuwa ba a yi. Sa'an nan ya dube ni ya ce mai gidan ai shi ya sayi abinsa, shi ya san sharaɗinsa, in kira shi mana.

Na ce ba a yi haka ba. Suka dubi juna. Ɗan Cadin ya ce, "Alhaji, wuta ba ta san suruki ba." Na ce na ji, na yi musu sallama.

Ba taurin kai ba ne kaɗai, ko da yake ban ce babu shi ba. Kiran yaron nan yana nufin abu biyu. Na farko in keta labulen da na tsare shekara da shekaru. Na biyu, wanda ya fi nauyi, in kai ƙarar matata wurin surukinta, in ce masa uwar matarka ta yi wauta a gidanka, je ka gyara. Mace mai shekaru irin nata, wadda ta bar ɗakinta ta ƙetare duniya domin ta yi wa 'yarta hidima, a saka mata da wannan. Na san in na yi, ba za ta sake iya ɗaga ido a gidan ba.

Na yi tunanin yarinyar. Da ita ma ba ma doguwar magana, amma ko na daure na yi, na san abin da zai biyo baya. Za ta sauko da ɗinki a cikinta ta shiga garejin nan mai sanyi da kanta, mai jego kuwa ba a haɗa ta da sanyi, sa'an nan su yi sa-in-sa da uwarta, nono ya ɗauke. Wannan hanya na rufe ta.

Saura hanya ɗaya ta mutunci. Mahaifin yaron ya rasu, amma ƙanen mahaifinsa, wanda ya karɓa masa aure, yana nan a Ruwais. Washegari da hantsi na hau tasi na tafi. Unguwar ta sauya, gidajen da na sani da yawa babu su, na yi ta dube-dube kamar baƙo a inda aka binne cibiyata. Tsohon ya karɓe ni da gahawa da dabino, muka gaisa gaisuwar manya, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu. Da na kawo maganar ya saurara yana jan carbi. Ya ce ya fahimta, abin tsoro ne kuwa. Amma shi, a matsayinsa na uban miji, ya ɗauki waya ya ce wa ɗansa surukarka ta yi kaza, wannan in ya fita sai ya zama dangin miji sun sa wa uwar mata ido. Ya ce maganar gidana ce, ni ke da iko da matata, in sake lallashinta. Na ga gaskiyarsa, na kuma ji haushinsa. Na dawo da abin da na tafi da shi.

Da la'asar Hajiya ta kira, a madafa take, ba ta nufi gareji da wayar ba. Ta ce an yi shela wata guguwa na tafe, sanyin da za a yi ya fi na baya. Na tambaye ta bargon. Ta ce ta ƙara wa batirin na biyun. Na sake roƙonta, har na haɗa ta da girman zaman da muka yi. Ta ce in daina mayar da ita yarinya, tana kashe garwashin da hannunta kafin ta fito, ko dai ta bar ɗan kaɗan wanda ba zai yi komai ba. Domin in sauya magana kada mu ɓata, sai na ce ina angon, wato jaririn. Ta ce yana sama da uwarsa suna barci. Ta ƙara da cewa ɗakinsu ai shi ne daidai kan garejin, shi ya sa ma take son wurin ya riƙa ɗumi, ƙasan ɗakin ya daina sanyi.

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na tsaya tsakiyar ɗaki ina ganin abin a idona: katako a bango, katako a sama, barguna biyu, garwashi, na'ura da hula a kai, da mace mai ɗinki wadda ba ta iya gudu, da ɗan da bai san komai ba. Na tafi masallaci sallar magariba, liman ya yi karatu ban san surar da ya ja ba. Da na fito ban tsaya gaisawa da kowa ba.

Na hau sama na yi alwala sabuwa, ban san dalili ba. Na sa babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ko da yake kiran ba na hoto ba ne. Na nemo lambar, na daɗe ina kallonta. Sa'an nan na danna.

Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ji hayaniyar wurin aiki a bayansa, na ji ya ture wata ƙofa, hayaniyar ta yanke. Ya ce, "Baba? Lafiya? Wani abu ya faru a gida?" A zatonsa rasuwa aka yi, domin ba abin da zai sa in kira shi in ba ita ba. Na ce lafiya ƙalau. Muka shiga gaisuwa, na tambayi aiki, na tambayi sanyi, na tambayi mai jego, na sake tambayar aiki. Shi yana amsawa yana jira, ni ina kewaye kamar mai neman ƙofa a bangon da ya sani. Daga bisani na ce akwai wata 'yar magana game da batirin gidansa, ina so in san ko irinsa ana rufe shi saboda sanyi.

Ya ce a'a, ba a rufe shi ko kaɗan. Ya yi mini bayani cikin ladabi, Hausarsa na karyewa yana cikawa da Larabci. Irin wannan batir, in ji shi, idan aka tura masa caji alhali cikinsa ya yi sanyi ƙwarai, wani abu yakan taru a ciki ya yi masa lahani a ɓoye, lahanin da kan iya zama gobara daga baya. Saboda haka aka yi shi da hankalinsa: in sanyi ya yi yawa yakan rage cin caji da kansa, ya ɗumama cikinsa a hankali, sa'an nan ya ci gaba. Rashin cin cajin nan ba ciwo ba ne, tsare kai ne. Abin da yake bukata kawai a bar masa fili ta kowane gefe, kada a jingina masa komai mai kamawa. Sai ya tsaya, ya ce, "Baba, me ya sa ka tambaya?"

Na ce, "Ɗana, yaushe rabonka da garejinka?"

Ya ce tun da Hajiya ta fara amfani da shi. Sai na faɗa masa duka, bargo da kasko da hular leda, ban rage ba, ban kuma ƙara ba. Na ji ya yi salati a hankali. Ya ce ko ba batir, garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ke kashe mutum ba wari ba hayaƙi, tana kuma iya hawa sama. Ya ce yanzu zai nemi izini ya tafi gida.

Na ce, "Tsaya. Uwarka ce. Abin da ta yi, don ku ta yi. Kada ka bari ta ji kunya fiye da wadda ba makawa."

Ya ce, "In sha Allahu, Baba. Zan yi sallama kafin in shiga."

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, daga baya na tattara shi, wani daga bakin yarinyar, wani daga bakin Hajiya lokacin da fushi ya sa ta magana. Ni dai a nan na yi ta safa da marwa tsakanin taga da ƙofa, waya a hannu, har saƙonsa ya shigo cewa an gyara, kowa lafiya. Ashe da ya isa ya same ta a ciki, ba mayafi, tana fifita garwashi da murfin kwali. Ya yi sallama daga ƙofar madafa, ya durƙusa a kan simintin nan mai sanyi da kayan aikinsa, ya gaishe ta, ya nemi izinin shiga garejinsa. Ya yaye bargunan da hannunsa, ya ninke su, ya ajiye mata a kan kujera. Ya ɗaga babbar ƙofa iska ta shiga, ya ɗauki kaskon ya kai waje ya kife cikin ƙanƙara, ya taka kujera ya cire hular. Bai ce ta yi laifi ba. Ya ce kamfanin da ya kafa batirin ne ya hana, shi ma umarni yake bi. Ta tambaye shi wa ya gaya masa. Ya sunkuyar da kai, wannan kuwa ya ishe ta amsa.

Ya kira ma'aikacin kamfanin ya zo ya duba bayan guguwar ta wuce. Mutumin ya buɗe, ya auna, ya ce bai ga lahani ba, amma kada a kuma. Yaron ya sayo wa Hajiya kaskon turare na lantarki, ya nuna mata wuri a madafa ƙarƙashin abin zuƙe hayaƙi, inda za ta riƙa turara kaya kaɗan-kaɗan.

Ni kuwa aka daina kirana. La'asar ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, waya shiru. Na kira ba a ɗauka ba. Na san suna lafiya, domin yarinyar takan turo hoton jaririn ba tare da kalma ba, amma gidan ya yi mini faɗi, na riƙa fita ba inda za ni, in kewaya Sharafiyya in dawo. Ɗan Cadin ya tambaye ni jikin batir mai jego, na wuce abina.

Ranar da Hajiya ta kira, murya ce kawai, ba hoto. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, ka kai ƙarata wurin suruki."

Na ce na kai.

"Yaron nan ya gan ni ba lulluɓi, da kwali a hannu, kamar mai tuyar ƙosai a bakin titi. Shekara nawa ina tsare wannan?"

Na ce na sani, ban kuwa yi don in tozarta ta ba.

Ta ce mai gyara ya zo ya duba, bai ga komai ba, ko ban ji ba? Na ce na ji, na gode wa Allah. Ta ce to ashe da an bar ta da bargonta ma ba abin da zai faru. Na ce mai yiwuwa ne, Allah ne masani, amma da za a mayar da ni wannan magaribar da na sake dannawa. Ta yi tsaki mai sauƙi, irin wanda na san ba na rabuwa ba ne. Ta ce turaren lantarkin nan ba ya kama zane, ƙamshinsa a sama yake tsayawa. Ta ce tun ranar kuma yaron ya daina ɓuya, har tebur ɗaya suke cin abinci, domin babu sauran abin da za a ɓoye, ita kuwa ba ta san ko ta ji daɗin haka ko ta ji haushi ba.

Ina shirin ba ta amsa sai ta ce ga shi nan ma ya shigo, ya ce a ba shi ya gaishe ni. Na ce ta bari sai wani lokaci, amma ta riga ta miƙa. Na ji muryarsa yana tambayar ƙafata da ke ciwo, abin da ban san ya sani ba. Na ce da sauƙi. Sai na ji bakina yana tambayarsa ko batirin ya ci caji yau. Ya ce ya ci kaɗan, rana ta ɗan fito. Na ce madalla. Muka zauna a kan layi, shi bai san yadda ake sallamar suruki a waya ba, ni ma ban sani ba, har Hajiya ta ce daga gefe in mun gama a ba ta wayarta.